Kainuwar Teku: Ciyawar Da Ke Fiton Ƙananan Halittu Daga Nahiya Zuwa Nahiya

Bahaushe ya yi wa kainuwa kirari da dashen Allah saboda ganin yadda ta ke rayuwa a kan ruwa, saiwarta ba ta taɓa ƙasa ba, iska ta kora ta gabas ta kora ta yamma, amma ba ta fasa tofo ba. Wanda ya taɓa ciro kainuwa daga tafki ya duba ƙarƙashinta ya san ba ita kaɗai ke wannan yawo ba, domin zai tarar da 'yan ƙwari da tsutsotsi da ƙananan katantanwa maƙale a saiwoyinta, duk inda ta nufa can suka nufa. To, irin wannan al'amari yana faruwa a manyan tekunan duniya, sai dai can tafiyar ta kan kai dubban kilomita, ta ɗauki watanni, wani lokaci har shekaru. Akwai ciyayin teku masu yawo a saman ruwa dami-dami, kowane dami ɗauke da kaguwa da jatan lande da katantanwa da tsutsotsi da sauran halittu marasa ƙashin baya, yana yi musu fito daga wannan gaɓa zuwa waccan.

A da, masana ilmin halittu kaɗai ne suka damu da wannan batu. Amma tun daga shekarar 2011 da irin wannan ciyawa ta fara cika gaɓar tekun Afirka ta Yamma, har da ta Nijeriya, tana cushe tarun masunta, maganar ta fito daga ɗakunan bincike ta shiga gidajen masu neman abinci a ruwa.

TAMBAYAR DA TA DAƊE TANA DAMUN MASANA

Galibin ƙananan halittun da ke zaune a bakin teku ba matafiya ba ne. Wasu a manne su ke da dutse tun suna ƙanana har su mutu, wasu kuma iyakacin tafiyarsu a tsawon rayuwa ba ta wuce 'yan taku. Duk da haka a kan sami iri ɗaya a tsibiran da ke da dubban kilomita tsakaninsu, ruwa mai zurfi da sanyi ya raba su. Ta yaya suka isa can?

Amsar farko da masana suka bayar ita ce ta hanyar 'ya'ya. Halittun teku da yawa su kan zuba ƙwai cikin ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe wasu 'yan mitsi-mitsin 'ya'ya da ido ba ya gani sosai, su yi ta yawo da ruwa na kwanaki ko makonni kafin su sami wurin zama. Wasu kuwa ba haka su ke yi ba. Uwa ce ke riƙe ƙwanta a jikinta har 'ya'yan su fito da kamanninta, su zauna kusa da ita. Bisa hankali, kamata ya yi masu sakin 'ya'ya cikin ruwa su fi bazuwa a duniya, masu goyo kuma su tsaya inda aka haife su.

Sai ga wata malama 'yar ƙasar Suwidin, Kerstin Johannesson, ta fito da wani abin mamaki cikin 1988. Akwai wani dutse tilo da a ke kira Rockall a tsakiyar tekun Atlantika ta arewa, fiye da kilomita 300 daga tsibirin Sikotland mafi kusa da shi. A gaɓar Ingila da Sikotland akwai katantanwa iri biyu 'yan'uwan juna, ɗaya mai sakin 'ya'ya cikin ruwa, ɗaya mai goyo. Da aka duba dutsen Rockall, mai goyon ce aka samu a can, ita kuwa mai 'ya'ya matafiya babu ita. Bayanin da malamar ta yi shi ne, idan mace guda mai ciki ta maƙale a jikin wani abu mai yawo ta isa sabon wuri, to ta isa da zuriyarta gaba ɗaya, 'ya'yanta za su zauna tare su hayayyafa. Amma mai sakin 'ya'ya cikin ruwa, ko da ta isa, ruwan da ya kawo ta shi zai kwashe 'ya'yanta ya watsar, ba za su taru su kafa gida ba. Wannan bincike ya sa aka ƙara mai da hankali kan abubuwan da ke yawo a saman teku, musamman ciyawa.

CIYAWA IRI BIYU

Ciyayin da ke wannan fito sun kasu gida biyu. Kashi na farko su ne waɗanda ke tsira a kan duwatsun bakin teku a ƙasashe masu sanyi, waɗanda Turawa ke kira kelp. Ba su da saiwa irin ta itace. Abin da su ke da shi wani dunƙulen gindi ne mai kama dutse tamau. Wani irinsu mai suna Macrocystis ya kan kai tsawon mita 45 ko fiye, kuma a gindin kowane ganye akwai 'yar jaka cike da iska wadda ke ɗaga shi sama. Wani irin kuma mai suna Durvillaea antarctica, wanda ke tsira a Niyu Zilan da Chile da tsibiran kudancin duniya, ganyensa kauri gare shi kamar kirgi, cikinsa kuwa rami-rami ne kamar saƙar zuma, ko'ina iska. Idan guguwa ta taso, raƙuman ruwa su kan tumɓuke waɗannan ciyayi da gindinsu, su shiga teku da duk wanda ke zaune a cikinsu. Tun cikin 1834, sa'ad da Charles Darwin ya ziyarci ƙarshen Kudancin Amurka cikin jirgin ruwan nan Beagle, ya lura da ɗimbin halittun da rayuwarsu ta dogara kan irin wannan ciyawa.

Kashi na biyu su ne waɗanda ba su taɓa kama ƙasa ba sam, a kan ruwa su ke tsira, a kan ruwa su ke mutuwa. Waɗannan su ne ciyawar sargasam iri biyu da ke tekun Atlantika. Launinsu ruwan ɗorawa ne zuwa ƙasa-ƙasa, suna da 'yan ƙwallaye cike da iska kamar 'ya'yan kanya ƙanana. Ba sa bukatar iri. Reshe ya karye, kowane ɓangare ya ci gaba da girma. Su ne suka fi cancanta a kira su kainuwar teku.

TEKUN DA BA SHI DA GAƁA

Asalin mazaunin sargasam shi ne tekun Sargaso, wani yanki na Atlantika ta arewa inda tsibirin Bamuda ya ke. Shi kaɗai ne teku a duniya da ba ƙasa ce ta yi masa iyaka ba. Manyan magudanan ruwa huɗu ne suka kewaye shi suna juyawa, ciyawar ta taru a tsakiya. Cikin watan Satumba na 1492 jiragen Kiristofa Kolombos suka ratsa wannan wuri, matuƙansa suka tsinci wata 'yar kaguwa mai rai a cikin ciyawar, suka ɗauka alama ce ta sun kusa tudu. Ashe da sauran tafiya, domin sai ran 12 ga Oktoba suka ga ƙasa. Irin wannan kaguwa, wadda har yau a ke kiranta da sunan Kolombos, ba ta da wani gida sai abin da ke yawo a saman ruwa.

Ba ita kaɗai ba ce. A cikin damin sargasam akwai jatan lande da launinsa ya saje da na ciyawar har da ɗigo-ɗigon fari, akwai wata 'yar katantanwa mai ratayuwa da zare mai yauƙi don kada ta ɓalle ta nutse, akwai wata mai kama da katantanwa marar ɓawo wadda jikinta ya yi fiffike kamar ganye. Sa'an nan akwai halittu masu kama da gansakuka waɗanda ke shimfiɗuwa a jikin ganyen suna tace abinci daga ruwa. A ƙarƙashin damin kuma ƙananan kifaye ke fakewa, haka nan 'ya'yan kififfiyar teku da suka ƙyanƙyashe a gaɓar Amurka su kan yi shekarunsu na farko a nan. Watau dami guda gari ne sukutum, da masu kiwo da mafarauta da 'yan ci-rani.

SHAIDA DAGA KUDANCIN DUNIYA

Ko da ya ke sargasam ta fi suna, mafi ƙarfin hujjar cewa ciyawa na ɗaukar mazauna wata gaɓa ta sauke su a wata ta fito ne daga tekun Kudu, wanda ya kewaye nahiyar ƙanƙara ta Antatika. A can iska na kaɗawa daga yamma zuwa gabas ba tare da wata nahiya ta tare ta ba, ruwan ma haka ya ke bi. Cikin 2002 wani masani ɗan Ostareliya, Stephen Smith, ya ƙidaya damunan ciyawa daga kan jirgi, ya ƙiyasta cewa a kowane lokaci akwai dami kamar miliyan 70 da ke yawo a wannan teku, kuma wajen miliyan 20 daga cikinsu suna tare da gindinsu, inda mafi yawan halittun ke ɓuya.

Tun kafin wannan, cikin 1994, Brian Helmuth da abokan aikinsa sun ba da rahoton wata 'yar halitta mai ɓawo biyu irin na makankari, mai goyon 'ya'yanta, wadda suka samu da rai a jikin ciyawar da ke yawo tsakanin ƙarshen Kudancin Amurka da tsibirin Jojiya ta Kudu, tafiyar da ta wuce kilomita 1,300.

Cikin 2009 kuma aka tsinci manyan damunan ciyawa a bakin teku kusa da birnin Dunedin na Niyu Zilan. Masana uku na Jami'ar Otago, watau Ceridwen Fraser da Raisa Nikula da Jonathan Waters, suka auna ƙwayoyin gadon ciyawar da na halittun da ke jikinta, kamar yadda a ke gane dangin mutum ta jininsa. Sakamakon da suka buga cikin 2011 ya nuna cewa dami shida sun taso ne daga tsibiran Auckland ko na Snares, kilomita 400 zuwa 600 a kudu, ɗauke da halittu marasa ƙashin baya iri goma, kuma sun yi makonni a hanya. Yadda aka san tsawon tafiyar abin sha'awa ne. Akwai wata halitta mai ɓawo da dogon wuya wadda ba ta kama abu sai yana yawo a tsakiyar teku, tun daga ranar da ta kama kuwa ta ke girma a hankali. Saboda haka idan aka auna tsawon mafi girma a jikin dami, a kan ƙiyasta kwanakin da damin ya yi a kan ruwa.

Ƙwayoyin gadon sun tona wani tsohon labari kuma. Wajen shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da sanyi ya game duniya, ƙanƙarar teku ta bazu arewa ta kankare ciyawar da ke gaɓar tsibiran kudu. Binciken da Fraser da abokanta suka buga cikin 2009 ya nuna cewa ciyawar da ke tsibiran Marion da Kerguelen da Macquarie da Jojiya ta Kudu a yau kusan tsatso ɗaya ce, duk da dubban kilomitan da ke tsakaninsu. Ma'anar wannan ita ce bayan da ƙanƙara ta janye, damunan da suka yi yawo ne suka sake shuka waɗannan tsibirai. Cikin 2010 aka sami irin wannan alama a jikin wasu ƙananan halittu iri biyu dangin jatan lande, masu zama cikin gindin ciyawar, waɗanda ba su da 'ya'ya matafiya. Ciyawa ta koma gida, ta koma da 'yan hayarta.

GANUWAR ANTATIKA TA TSAGE

Shekaru da yawa masana sun ɗauka cewa nahiyar Antatika a killace ta ke. Ruwan da ke kewaya ta, tare da iyakar da ke tsakanin ruwan ɗumi na arewa da ruwan sanyi na kudu, an ɗauke su kamar ganuwa wadda abin da ke yawo a saman ruwa ba ya ƙetarewa. Wannan ne ya sa halittun gaɓar Antatika suka bambanta da na ko'ina, domin sun yi miliyoyin shekaru ba su cuɗanya da baƙi ba.

A farkon 2017 wani masani ɗan ƙasar Chile, Erasmo Macaya na Jami'ar Concepcion, ya tsinci guntayen ciyawar Durvillaea a gaɓar tsibirin Sarki Joji da ke Antatika, inda ba ta tsira. Da aka auna ƙwayoyin gadonsu sai aka ga ɗaya daga tsibiran Kerguelen ta taso, ɗaya kuma daga Jojiya ta Kudu. Da ya ke ruwan gabas ya ke nufa, sai da kowacce ta yi doguwar kewaya, tafiyar da ta kai kilomita 20,000 ko fiye. Rahoton da aka buga cikin 2018 ya bayyana wannan da cewa shi ne fito mafi nisa da aka taɓa tabbatarwa. Aka kuma gano abin da ke tsallakar da su: manyan raƙuman ruwa da guguwa ke tayarwa su kan tura abin da ke saman ruwa kudu, su fitar da shi daga hanyar da magudanar ruwan ke bi.

Abin da wannan ya nuna shi ne baƙi sun daɗe suna isa Antatika, tsananin sanyi da ƙanƙarar da ke goge duwatsu ne ke hana su zama. Ga shi kuwa yankin da aka tsinci ciyawar yana daga cikin wuraren da suka fi saurin ɗumama a duniya tun tsakiyar ƙarni na 20. Cikin 2020 Conxita Avila ta Jami'ar Basilona da abokan aikinta suka ba da rahoton samun wata halitta mai shimfiɗuwa a jikin ganye, mai suna Membranipora membranacea, da ranta, a kan ciyawar da ta faɗa tsibirin Deception, wanda dutse mai aman wuta ke ɗumama ruwansa. An san wannan halitta da ɓarna a gaɓar Amurka ta Arewa, inda ta ke lulluɓe ganyen ciyawa har ya yi gautsi ya karye. Tun da 1959 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Antatika, daga baya kuma aka kafa dokoki masu tsanani don kada jirage da masu ziyara su shigar da baƙin halittu. Amma ciyawar da guguwa ta koro ba ta neman izinin kowa.

BA KOWA KE KAI WA GACI BA

Kada mai karatu ya ɗauka duk wanda ya hau wannan jirgi ya tsira. Cikin 2005 masana biyu, Martin Thiel da ke aiki a Chile da Lars Gutow na Jamus, suka tattara duk abin da aka rubuta kan batun, suka lissafa halittu iri 1,205 da aka san suna irin wannan tafiya a kan ciyawa ko itace ko wani abu dabam. Daga nazarinsu an fahimci halayen waɗanda suka fi kai wa gaci.

Na farko, dole matafiyi ya iya riƙo, ko da ƙafafu masu ƙugiya, ko da yauƙi, ko ta haƙa rami cikin gindin ciyawar. Masu saurin motsi da yawa su kan yi tsalle su bar ciyawar tun sa'ad da ta tumɓuke, wasu kuma kifaye da tsuntsaye su tsince su a hanya. Na biyu, dole ya sami abinci, ko dai ya ci ciyawar kanta, ko ya tace abin da ruwa ya kawo. Na uku, wanda ke goyon 'ya'yansa ya fi riba, domin 'ya'yan za su fito su kama damin da uwarsu ke kai, har a yi jikoki a hanya.

Shi kansa jirgin yana da kwanakinsa. Masu cin ciyawar suna rage ta kullum, masu mannewa suna ƙara mata nauyi har ta nutse, zafin rana da ruwan ɗumi kuma suna ruɓar da ita da sauri. Dalili ke nan da ya sa ciyawar ƙasashe masu sanyi ba ta cika ƙetare tsakiyar duniya ba. Bayan duk wannan, sai an dace da masauki. Halittar da ta saba da dutse, idan dami ya yar da ita kan rairayi, rana ce za ta gasa ta. Cikin dubban damuna, ƙalilan ne ke sauke fasinja inda zai rayu. Sai dai idan aka tuna miliyoyi ne ke kan hanya a kowane lokaci, shekara da shekaru, za a ga ƙalilan ɗin ma sun isa su sauya fasalin gaɓar wata ƙasa.

ROBA TA SHIGA SANA'AR FITO

Ban da ciyawa, akwai wasu jiragen da Allah ya halitta, kamar kututturan itace da dutsen nan marar nauyi da duwatsu masu aman wuta ke fitarwa. Wanda ya fito daga ƙarƙashin teku kusa da ƙasar Tonga cikin 2006 ya isa gabashin Ostareliya bayan wata bakwai zuwa takwas, ɗauke da halittu fiye da iri 80. Amma a wannan zamani ɗan Adam ya ƙaro wani jirgin da ba ya ruɓewa, watau roba.

Ran 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa ta haddasa ambaliyar teku a arewa maso gabashin Japan, ruwa ya kwashe jirage da gidaje da kayayyaki ya shiga da su tekun Pasifik. Cikin watan Yuni na 2012 wata gadar tsayawar jirage mai tsawon mita 20, wadda ta ɓalle daga tashar Misawa, ta faɗa gaɓar Jihar Oregon ta Amurka, jikinta lulluɓe da halittun Japan masu rai. James Carlton da abokan aikinsa suka bi diddigin kayayyaki 634 da suka faɗa gaɓar Amurka ta Arewa da tsibiran Hawai, suka ba da rahoto cikin 2017 cewa halittu iri 289 ne suka ƙetaro da ransu, wasu bayan shekara shida a kan ruwa. Itacen da ambaliyar ta kwaso ya ruɓe cikin 'yan shekaru, amma roba da makamantanta suka ci gaba da isowa. Cikin 2023 kuma wani binciken ya sami halittun bakin gaɓa suna zaune, har suna hayayyafa, a kan tarkacen robar da ya taru a tsakiyar tekun Pasifik, inda a da ba su da wurin sa ƙafa.

ABIN YA ISO GIDA

Kafin 2011 ba a saba ganin sargasam da yawa a tsakiyar Atlantika ba. A wannan shekara sai ga ta tuli a tsibiran Karibiyan da kuma gaɓar Saliyo da Gana da maƙwabtansu. Hotunan tauraron ɗan Adam da masana na Jami'ar Kudancin Fulorida suka nazarta sun nuna cewa cikin watan Yuni na 2018 ciyawar ta yi jerin da ya kai tsawon kilomita 8,850, tun daga Afirka ta Yamma har mashigin tekun Meksiko, nauyinta ya haura tan miliyan 20. A wannan shekara gwamnatin Barbados ta ayyana dokar ta-ɓaci saboda ita. Cikin watan Mayu na 2025 ƙiyasin jami'ar ya kai kusan tan miliyan 38.

Masana sun danganta farkon al'amarin da wata iska da ba a saba gani ba, wadda ta kaɗa a ƙarshen 2009 da farkon 2010 ta fitar da ciyawar daga tekun Sargaso, har ta gangaro kudu inda ta tarar da ɗumi da taki. Takin kuwa yana zuwa ne daga kogin Amazon na Birazil, da ruwan ƙarƙashin teku mai tasowa sama a gaɓar Afirka ta Yamma. Wasu sun ƙara da ƙurar Sahara, irin wadda ke tashi daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta zama hazo lokacin hunturu, domin ta kan ƙetare zuwa teku ɗauke da sinadaran da tsiro ke so.

Nijeriya na da gaɓar teku mai tsawon kilomita 850 da 'yan kai, kuma ba ta tsira ba. Cikin 2014 malaman jami'o'in ƙasar nan suka ba da rahoton tarin sargasam da aka gani a gaɓar Jihar Ondo, haka nan ma'aikatan Cibiyar Binciken Teku ta Nijeriya da ke Ikko, wadda aka kafa cikin 1975, suka yi rubutu kan ɓarnar da ta ke yi wa masu kamun kifi. Masunci ya kan jefa taru ya jawo ciyawa maimakon kifi, ya ɓata yini yana tsincewa, wani lokaci tarun ya yage. Ciyawar ta kan naɗe farfelar injin kwalekwale. Idan ta taru a gaɓa ta fara ruɓewa, sai ta riƙa fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ke sa ciwon kai da sarƙewar numfashi, ta kuma cinye iskar da ke cikin ruwa har kifi ya mutu. Masu sha'awar mai da ita taki ko abincin dabbobi kuma an gargaɗe su, saboda ta kan tara sinadarin asanik mai guba a jikinta.

Bayan wannan ɓarna da ido ke gani akwai wadda ba a gani da wuri. Tsakanin Birazil da Afirka ta Yamma, inda tekun ya fi ƙuntata, bai kai kilomita 3,000 ba, ga shi yanzu kusan kowace shekara ciyawa na shimfiɗa hanya daga wannan gefe zuwa wancan. Duk damin da ya faɗa bakin ruwa a Badagiri ko Ilaje ko Bonny da fasinjojinsa ya iso. Mutanen Ikko kuwa sun san abin da baƙuwar shuka ke iya yi, tun daga 1984 da wata ciyawa mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, ta shigo ta rafin Badagiri daga Jamhuriyar Benin ta toshe hanyoyin jiragen ruwa, har yau ba a rabu da ita ba.

Cikin watan Maris na 2014 wasu gwamnatoci suka sa hannu kan wata sanarwa a Hamilton, babban birnin Bamuda, don kare tekun Sargaso, cikin Yuni na 2023 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare halittun da ke tekun da ba na kowace ƙasa ba. Waɗannan matakai ne na manyan ƙasashe da manyan tarurruka. Abin da ya rage wa hukumomin ƙasar nan shi ne aikin da ke gabansu: a riƙa sanar da masunta tun ciyawar tana nesa, tun da tauraron ɗan Adam na hango ta makonni kafin ta iso, a kwashe ta daga gaɓa kafin ta ruɓe, a hana zuba roba cikin magudanai da koguna, a kuma ba cibiyar bincike da jami'o'in da ke bakin teku kuɗi da kayan aiki su riƙa buɗe damunan nan suna rubuta sunan duk halittar da suka samu a ciki. Baƙon da aka gane tun yana bakin ƙofa ya fi sauƙin sallama bisa wanda ya riga ya shimfiɗa tabarma.